Awa Biyar Daga Jidda, In Ji Ni

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun tamanin, ina malamin firamare a Ruwan Bago, gidanmu kuma yana Ƙaraye. A lokacin gani nake babu abin da ya fi ƙarfin rula da alli. In aka tambaye ni tsawon gona, da mita nake ba da amsa. In aka ce yaushe motar kasuwa za ta iso, sai in ɗaga kai in kalli rana in faɗi har minti, alhali ko agogo ba ni da shi. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta kama sunana tunda ni ne ɗan fari, sai ta laƙaba mini "malam mai lissafi". Ni kuwa a wautata na ɗauka yabo ne.

A shekarar ne ni da ƙannena muka haɗu muka biya mata kujerar Makka. Na zaci za ta rangaɗa guɗa. Sai ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce a ba kawu ya je, ita ba ta shirya ba.

Dalilinta ba ɓoyayye ba ne a gidanmu. Tana yarinya ƙarama mahaifinta ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, ta Barno, ta Sudan. Ciwo ya kayar da shi a wani ƙauye a hanya. Abokan tafiyarsa suka jira kwana biyu, suka ga ayari zai bar su, suka danƙa shi a hannun mutanen garin suka wuce. Bayan shekara huɗu suka dawo Ƙaraye. Babbansu ya yi sallama ya shigo zaure, ya ajiye gafakar kakana a kan tabarma, wato jakar fatar da yake saka Alƙur'aninsa, ya zauna ya sunkuyar da kai. Shi ke nan, an sanar. A wajenmu haka abin yake: in kayan mahajjaci suka shigo gida babu mai su, ba sai kowa ya buɗe baki ba. Har na girma ina ganin gafakar rataye a ɗakin kawuna, yayan Inna.

Da na ga da gaske take, sai na ɗauko littafin taswira na makaranta, na ciri baƙin zare a kwandon ɗinkinta, na zauna gabanta. Na yi ƙulli ɗaya a kan Kano, na ja zaren na yi ƙulli na biyu a kan Jidda, na ɗora a rula na buga lissafina.

Na ce, "Inna, duba nan. Kilomita dubu uku ne da 'yan ɗaruruwa. Kakanmu da ƙafa ya taka, ke kuwa jirgi ne zai ɗauke ki. Awa biyar ne kacal, wani lokacin ma ba ta cika ba."

Ta ce, "Awa biyar ɗin nan kamar daga yaushe zuwa yaushe?"

"Kamar daga hantsi zuwa azahar."

"Dawowar ma haka?"

"Haka, Inna. Ya je ya juyo, duka-duka awa goma ne."

Ta maimaita "awa goma" a hankali, ta karɓi zaren daga hannuna ta auna shi da yatsunta, bai ma kai taƙi ɗaya ba. Ta ce, "To, tunda mai lissafi ya faɗa." Ta ƙulle zaren a bakin zaninta. Na tashi ina jin kaina kamar wanda ya ci gari da yaƙi.

Da aka raba wa maniyyata jakunkuna, duk iri ɗaya, sai na ce tata ba za ta ɓata ba. Na sayo jan fenti na rubuta sunanta da ƘARAYE da manyan baƙaƙe a kowane gefe, na shanya jakar a ƙofar gida kwana biyu. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yaba rubutun malam. Ku riƙe wannan, don shi ne ya zo ya tona mini asiri.

Ta tafi lafiya, aka yi Arfa, aka yi salla. Damina ta yi nisa, dawa ta kai ƙugu, muka shiga jiran dawowa. Wata Litinin da safe rediyo ta sanar cewa jirgin alhazan yankinmu ya taso daga Jidda. Nan take na ƙirga awa biyar, na ƙara lokacin sauke kaya, na ƙara na hanya daga Kano, na ce wa ƙanwata a ɗora tukunya, Inna a gida za ta yi magariba. Aka kama kaji aka yanka. Ni da abokina, wanda yake direban akori-kura ne tsakanin Ƙaraye da Kano, muka kama hanya ina ta zuba masa bayanin yadda agogon can ya riga namu da awa biyu.

Jirgi ya sauka kusan lokacin da na faɗa, har na zunguri abokina na ce ka gani ko. Alhazai suka fara fitowa da fararen huluna, da jarkokin zamzam, wasu na murmushi da gangan don a ga haƙorin Makka. Ina leƙa fuskar kowace tsohuwa. Sau biyu na yunƙura zan ruga, sai in ga ba ita ba ce. Layin ya yi ta sirancewa har ya ƙare. Wani ma'aikaci ya jawo ƙofa ya rufe.

Ban tsorata ba tukuna. Na ce ko tana wajen kaya. Muka zagaya inda aka jibge jakunkuna, kowa na jan tasa, har wurin ya kusa yin fayau. Can gefe na hango jan fenti. Jakar Inna ce, a tsaye ita kaɗai, cike tim, an ɗaure ta da igiya irin ɗaurin da take yi wa buhun gero. A nan ne tsoro ya kama ni.

Na tari wani alhaji ɗan unguwarmu yana shirin shiga mota. Ko barka da sauka ban yi masa yadda ya kamata ba. Ya riƙe hannuna, ya ƙi kallon idona.

Ya ce, "Wallahi malam, abin da na gani shi zan faɗa maka. Muna kan layin shiga jirgi aka yi hayaniya ta ɓangaren mata, an ce wata ta faɗi. Da motar asibiti ta zo wucewa na hangi Hajiyarku a ciki. Kwance take ko zaune, ban tantance ba. Aka ce mu yi gaba, muka yi gaba."

Aka ce mu yi gaba, muka yi gaba. Kusan kalmomin da aka faɗa wa kakata ke nan shekara hamsin da suka wuce.

Na sami wani jami'i mai riƙe da takardun alhazai. Ya bi sunaye da biro, ya ce ba ta cikin waɗanda suka hau. Na tambaye shi ko akwai wata takardar, ya gane wadda nake nufi. Ya duba, ya ce babu sunanta a cikin waɗanda suka rasu, amma in sani wannan takardar takan iso a makare. Ya ce in yi haƙuri in riƙa zuwa.

Sai ga ni ga jaka. In na bar ta, ta ɓata. In na kai ta gida, na sanar da mutuwar uwata da hannuna. Abokina ya ce mu kai ɗakin mahaifiyarsa mu tura ƙarƙashin gado, kada kowa ya ji. Muka ɗora ta a bayan mota muka lulluɓe da tamfol. Ashe tun kafin Gwarzo iska ta yaye tamfol ɗin, mu ba mu sani ba. Haka muka ratsa tashar Ƙaraye da yamma, jan fentina na sheƙi a bayanmu, ni ina gaba ina ta shirya ƙaryar da zan yi.

A gida na tarar an share tsakar gida, an shimfiɗa sabuwar tabarma, yara sun yi wanka. Na ce jirgin bai ɗauke su duka ba, tana cikin na gaba. Ƙanwata ta kalle ni ta ce, "Yaya, ai ka ce magariba." Na ce lissafi ne ya ɗan goce. Kajin nan maƙwabta aka rarraba wa.

Na nemi izini a makaranta na koma bin abokina Kano kullum. Akwai wani babban agogo a bangon filin jirgin, na san shi fiye da fuskar matata a kwanakin nan. Da an ce jirgi ya taso daga Jidda, sai in kafa masa ido in fara ƙirga. Awa ta farko ina da ƙarfi. Ta uku sai in fara kai-komo. Ta biyar, in na ji rugugin jirgi daga gabas, sai in ruga bakin ƙofa. A buɗe ƙofa, mutane su fito, yawanci na wasu garuruwa, 'yan'uwansu su rungume su, a rufe ƙofa. Wata rana jirgi biyu, wata rana ko ɗaya babu. Ban taɓa sanin awa biyar tana da tsawo haka ba.

Abin da ya fi cina shi ne ni na tura ta. Ta ce ba ta so, na zo da rula da zare na rufe mata baki. In na rufe ido sai in gan ta kwance a wani ɗaki cikin mutanen da ba sa jin Hausa, tana neman ruwa ba wanda ya gane. Tsoro nake ji ƙwarai.

A gari kuma abu ya sauya. Kwana biyun farko duk wanda na gamu da shi sai ya ce, "Malam, Hajiya ta iso?" Daga rana ta uku aka daina tambaya. Mutane suka koma gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa, su riƙe hannuna ya daɗe. Mai shayin tasha ya ƙi barina in tsaya a layi. Tsofaffin mata suka fara shiga gidanmu ɗaya bayan ɗaya, su zauna ba hira, su tashi. Ranar da aka daina tambayata, ranar na fi jin tsoro.

A kwana na takwas kawuna ya aiko a kira ni. Na same shi a ɗakinsa, gafakar nan na rataye a saman kansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a gajarce.

Ya ce, "Ina jakar?"

Na ce, "Wace jaka, Kawu?"

Ya ce, "Kai yaro, garin nan kaf an ga jakar uwarka a bayan mota tun ranar Litinin waccan. Kai kaɗai ne ba ka san an sani ba. Kunyarka ake ji." Ya share ido da bakin rawani. "Ina ɗan shekara goma aka ajiye waccan a gabana. Na san yadda abin yake zuwa. Ba a barin mamaci babu addu'a don mai rai yana jin tsoro."

Na ce, "Kawu, babu sunanta a takarda."

Ya ce, "Na Baffa kakanka ma babu wanda ya rubuta."

Na roƙe shi har da kuka, ni da gemuna. Ya ce ya ba ni zuwa Juma'a. In an sauko daga masallaci babu labari, in kawo jakar zaure da kaina.

Laraba babu. Alhamis jirgi ɗaya ya sauka, na tsaya har aka rufe ƙofa. Ranar Juma'a na kasa zuwa tasha. Abokina ya ce in zauna in yi abin da kawu ya ce, shi zai tsaya mini a filin jirgin.

Bayan an sauko daga masallaci na ɗauko jakar a ka, na ratsa unguwa da ita. Babu wanda ya yi mini magana, masu zama a bakin hanya sai miƙewa suke yi. Na ajiye ta a zaure. Ina ajiyewa kuka ya ɓarke daga cikin gida, na ji muryar ƙanwata a sama da ta kowa. Kawu ya ce in kwance igiyar a duba ko ta bar wata wasiyya.

Tsaraba ce, ƙulli-ƙulli. Dabino, carbi, zannuwa, turare, hulunan yara. Inna ba ta rubutu, don haka kowane ƙulli da alamar da ita kaɗai ta san mai shi. Can ƙasa na ci karo da wani ɗan akwati, an naɗe shi da baƙin zare mai ƙulli biyu. Na gane zarena. Na buɗe, agogon hannu ne, yana ta tafiya abinsa, awa biyu gaba da lokacinmu. A nan na daina jayayya da kowa. Na zauna kusa da kawu na miƙa hannu.

Mutane suka fara shigowa. "Ya haƙuri?" "Allah ya jiƙanta." "Ta dace, ƙasa mai tsarki ce ta karɓe ta." Ni kuma ina cewa amin. Na faɗa ya fi sau talatin.

Bayan la'asar muka ji hon, wani irin hon na rashin hankali, tun daga kwanar unguwa. Wani dattijo ya ce wane marar tarbiyya ne wannan a ƙofar gidan makoki. Motar abokina ce, ta tsaya. Aka yi sallama da muryar mace, muryar da na sani tun kafin in san sunana.

Ta shigo ta rame, ta yi baƙi, da 'yar butarta a hannu. Liman ya tsaya da hannu a sama. Wani da ke kusa da ƙofa ya sulale ya fice ba takalmi. Inna ta dubi mutane, ta dubi kawu, ta dubi kayanta a baje a tabarma.

Ta ce, "Wa ya buɗe mini jaka?"

Ban san lokacin da na rarrafa na riƙe ƙafarta ba. Kawu kuwa salati kawai yake yi yana taɓa kafaɗarta, yana janye hannu, yana sake taɓawa. Mata suka fito daga cikin gida, kuka ya koma guɗa, guɗa ta koma kuka.

Sai da ta sha ruwa ta ba da labari, a tsaye. Ba ita ce ta faɗi ba. Wata tsohuwa ce 'yar Falgore, wadda aka haɗa su ɗaki ɗaya tun Madina, ba ta da kowa a tafiyar. Da ta yanke jiki a kan layi, aka ce a bar ta, ma'aikata za su kula da ita, kowa ya shiga jirgi.

Inna ta ce, "Na ce ni? In bar baiwar Allah a hannun waɗanda ba ta jin bakinsu, in je Falgore in ce musu me? Haka aka yi wa Baffa. Na shige motar, suka yi ta yare, na ƙi fita." Sai ta juyo kaina. "Kuma ba kai ka ce mini ya je ya juyo awa goma ba ne? Na ce to, wannan ya tafi, kafin gobe ya dawo ya kwashe mu, kamar motar kasuwar Rogo. Na yi ta ƙirga awa gomanka har na gaji. Ashe jirgi in ya tafi ba ya waiwayen kowa."

Kwana shida suka yi a asibiti, sauran kuma a filin jirgin Jidda suna neman wanda zai saka su a wani jirgin. Ba ta ma san jakarta ta riga ta tahowa ba, ta zaci tana can tana jiranta. Ta ce ta ba wani alhaji sallahu ya faɗa mana. Sallahun ya iso, ba a ce bai iso ba, bayan sati biyu da dawowarta.

Aka ce ta shiga ciki ta huta. Ta ce ina, tsohuwar tana cikin mota, ba za ta zauna ba sai ta danƙa ta a hannun 'ya'yanta, don in jakar tsohuwar ma ta riga ta isa gida, to can ma an shimfiɗa tabarmi. Ta dube ni, ina durƙushe da agogo a hannu, majina har leɓe.

Ta ce, "Tashi mu je. Malam mai lissafi, daga nan zuwa Falgore awa nawa ne?"

Na san hanyar, na san nisanta, amsar tana kan harshena. Na ce, "Ban sani ba, Inna. Sai Allah ya kai mu."

Ta ce, "Yauwa."

Na hau bayan akori-kura, inda jakarta ta zauna kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Hanyar ta jiƙe, sau biyu muna kafewa a taɓo. A Falgore kuwa mun tarar har sadakar uku sun yi. Na tsaya daga gefe ina kallon babban ɗan tsohuwar, mutum mai furfura, ya fito daga zaure ya ga uwarsa a gaban mota. Na san abin da yake ji, don ni ma ban gama dawowa daidai ba.

Inna ta yi shekara goma sha tara bayan wannan. Da lokacinta ya yi, a ɗakinta ta cika, kanta a kan cinyar ƙanwata, ni ina riƙe da hannunta. Da aka zo gaisuwa na ce amin da zuciya ɗaya, don wannan karon da idona na gani.

Ni ma na je Makka daga baya, kuma lissafina bai yi ƙarya ba, awa biyar ɗin ce ba ta cika ba. Amma tun daga hawa har sauka idona na kan agogon nan, ina tunanin waɗanda na bari a gida suna ƙirgawa. Har yau in na ji rugugin jirgi daga gabas sai in tsaya in ɗaga kai. Na auna mata nisan Kano da Jidda daidai, abin da ban saka a lissafin ba shi ne ita kanta, 'yar mutumin da aka bari a hanya.

Agogon ya daina aiki tuntuni, yana cikin akwatinsa da zaren. Yaran yanzu sukan tambaye ni, in za su raka iyayensu filin jirgi, wai Baba daga Jidda zuwa Kano awa nawa ne. Nakan ce musu a takarda biyar ne, amma kada a yanka kaji sai an ga mai jakar.